Akwatin Cikar Shekara 50 na The Dark Side of the Moon: Me Ke Ciki?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan akwatin da kuke gani ya fito ne ranar 24 ga Maris, 2023, don bikin cikar shekara 50 da fitowar The Dark Side of the Moon, albam ɗin ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila. Kuɗinsa a lokacin ya kai wajen dala 300. Kafin mu buɗe shi, ya kamata mu san dalilin da ake yi wa faifan minti 43 irin wannan hidima.

Yawancin albam tarin waƙoƙi ne, kowace da inda ta dosa. Wannan kuwa zance ɗaya ne aka raba shi gida goma. Roger Waters, wanda ya rubuta baitocin, ya ɗauko abubuwan da ke danne ɗan Adam: gudun lokaci, kwaɗayin kuɗi, yaƙi, tsoron mutuwa, da taɓin hankali. Na ƙarshen ya shafe su kai tsaye, domin tsohon jagoransu Syd Barrett ya bar ƙungiyar a 1968 bayan hankalinsa ya gushe. Shi ya sa waƙoƙin suke shiga cikin juna ba tare da an tsaya ba, sai dai inda za ka juya faifan. Da bugun zuciya ake buɗewa, da shi kuma ake rufewa.

A sutudiyon Abbey Road da ke Landan aka ɗauke shi, daga 1972 zuwa farkon 1973, a zamanin da ake yanka tef da reza a haɗa da hannu. Ku saurari farkon waƙar Money: ƙarar kwabbai da injin kuɗi na kanti, an jera su sun zama kiɗa. Agogunan da ke kaɗawa a farkon Time kuwa, injiniya Alan Parsons ne ya ɗauko sautinsu a wani shagon tsofaffin kaya. Sai Clare Torry, wadda ta rera The Great Gig in the Sky da murya zalla, babu baiti ko ɗaya. Fam 30 aka biya ta. Sai a 2005, bayan ta kai ƙara, aka sa sunanta cikin waɗanda suka tsara waƙar, kuma ta cancanci haka tun ranar farko.

To, mu buɗe. Akwai albam ɗin a CD da faifan garmaho, injiniyan sauti James Guthrie ya sake gyara sautinsa. Akwai wasan da suka yi a Wembley a 1974, shi ma a CD da garmaho. Akwai littafin hotuna mai shafi 160, da littafin rubutaccen kiɗa, da ƙananan fayafayai biyu, da fastoci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne faifan Blu-ray mai tsarin Dolby Atmos. Tun asali Pink Floyd suna son sauti ya kewaye mai sauraro, har lasifikoki suke girkewa a kusurwoyin zauren wasa. A wannan tsarin, takun mai gudu a waƙar On the Run yana ratsa ɗakin, agogunan suna tashi ta ko'ina, har ta saman kanka. Amma fa sai kana da na'urar da jerin lasifikokin da suka dace.

Inda masoya suka yi ƙorafi, kuma ina tare da su: babu wata ɓoyayyar waƙa da aka tono. Wasan Wembley ma an taɓa fitar da shi a 2011 cikin wani akwatin albam ɗin mai suna Immersion, wanda ya zo da gwaje-gwajen farko da haɗin sauti na 1972. Mai son jin yadda aka gina albam ɗin daga tushe, wancan ya fi masa amfani.

Idan kana da na'urar Atmos, ko kana tara garmaho, wannan akwatin naka ne. Idan kuwa kiɗan kawai kake so, an fitar da albam ɗin da wasan Wembley daban-daban a farashi mai sauƙi, sai ka fara da su.