Bashi Hanji Ne: Haƙƙin Mai Bi da Wanda Ake Bi

Jama'a, abu uku na zo da su, in lokaci ya bari.

Na farko, rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: ku rubuta, ku kafa shaidu. Kuma ku lura, wanda ake bi shi zai faɗa a rubuta, da bakinsa. Mu fa? "Haba, ni da kai har sai an rubuta?" To ranar shari'a alƙali zai ce mai da'awa ya kawo hujja, in babu, wanda ya musa ya rantse ya tafi. Ko da tiransifa ka tura, rubuta "rance" a jiki, kar gobe ya ce kyauta ce.

Na biyu, nan ne nake so ku buɗe kunne. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne. Na ga Alhaji na can baya ya ɓata rai, a yi haƙuri. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don rikicin da ba na laifi ba ko saɓa yarjejeniya kawai. Bashi kuwa a nan yake. Ka sa an kulle mutum kwana biyu, shi kuma ya kai ka babbar kotu kan tauye masa haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi diyya. Ka je neman dubu ɗari biyu, ka dawo da naka bashin! Ba a kama matarsa ko ƙaninsa a madadinsa. Ba ka ɗauke masa babur, sai kotu ta ba da oda. Na sake faɗa, caji ofis ba kotu ba ne. Sai dai in da zamba, ko ya ba ka cekin da ba kuɗi, waɗannan laifi ne, na cekin tun dokar 1977.

Na huɗu... na uku ne? To. Mai hali ya ƙi biya zalunci ne, hadisi ne. Wanda ya rasa kuma a jira shi, aya ta 280. Riba dai kun san hukuncinta.

(Tambaya: Barista, na tsaya wa maƙwabcina, ya gudu, ni suke bi.)

Ayya, Baba. A Malikiyya ba a taɓa mai lamuni sai in wanda ya ci bashin ya ɓace ko ya tsiyace. Naka ya ɓace, don haka za ka biya, sannan ka bi shi da abin da ka biya. Hannu ka sa a takarda ko da baki ne? Ka same ni bayan sallah da ita.