Hotel Rwanda: Yadda Gwarzon Fim Ya Wayi Gari Da Ankwa A Hannu

Jama'a, assalamu alaikum.

A ƙarshen watan Agustan 2020, wani dattijo mai shekara 66 ya hau wani ƙaramin jirgin haya a Dubai. A saninsa Bujumbura za shi, babban birnin kasuwancin Burundi, inda aka gayyace shi ya yi jawabi a majami'u. Da jirgin ya sauka, sai ga shi a Kigali. Ranar 31 ga watan, hukumar binciken laifuka ta Ruwanda ta fito da shi gaban 'yan jarida, da ankwa a hannu.

Sunansa Paul Rusesabagina. In sunan bai faɗo muku ba, fim ɗin dai da yawanku kun gani: Hotel Rwanda, wanda ya fito a 2004. Shi ne manajan otal ɗin nan mai kwat da nakatayel, wanda Don Cheadle ya fito a matsayinsa. To me ya kai mutumin da duniya ta tafa wa cikin kurkukun ƙasar da aka ce ya ceci 'ya'yanta? Mu koma baya tukuna.

Daren 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin shugaban Ruwanda Juvénal Habyarimana, ɗan ƙabilar Hutu, yana gab da sauka a Kigali. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a kan tituna. Sojoji da 'yan daban Hutu da ake kira Interahamwe suna tare mutane, suna duba katin shaida, duk wanda aka rubuta masa Tutsi sai adda. Gidan rediyon RTLM yana karanto sunaye, yana faɗin inda mutane suka ɓuya. Cikin kwana kusan 100 aka hallaka mutum kimanin 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Ruwanda tana cewa sun haura miliyan. Galibinsu Tutsi ne, sai 'yan Hutun da suka ƙi shiga ɓarnar.

A tsakiyar birnin akwai otal ɗin Mille Collines, mallakar Sabena, kamfanin jiragen saman Beljiyam. Turawan da ke gudanar da shi suka tattara nasu ya nasu suka fice, makullai suka dawo hannun Rusesabagina. Shi Hutu ne, matarsa Tatiana kuwa Tutsi ce. Mutum 1,268 suka fake a otal ɗin. Da aka yanke musu ruwan famfo, ruwan wurin ninƙaya suka koma sha. Kuma ga abin da babu mai musu a kansa: ba a kashe ko mutum ɗaya a cikin ginin ba.

Fim ɗin ya ce dabararsa ce ta jawo haka. Ya san manya, ya san abin da kowa ke so. Wannan janar a ba shi kwalbar barasa mai tsada, wancan a ba shi sigari, wani a tsorata shi da cewa duniya na kallo. Da layin waya guda da ya rage yana aiki, ya yi ta kiran Turai yana neman agaji.

Da fim ɗin ya fito, sai da ya girgiza mutane. An sa shi a takarar Oscar ta fannoni uku. Miliyoyin da ba su taɓa jin sunan Kigali ba, ta nan suka fara sanin abin da ya faru. Rusesabagina, wanda ya bar Ruwanda tun 1996 yana tuƙin tasi a Brussels, ya zama abin gayyata a jami'o'i da manyan taruka. A 2005 shugaba George W. Bush ya rataya masa lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula. Daraktan fim ɗin, Terry George, ya ce a wannan shekarar ya kai fim ɗin Kigali, shugaba Paul Kagame ya zauna ya kalla, har ya yi masa godiya.

Zuma ba ta daɗe ba. A 2006 Rusesabagina ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, kuma a ciki da wajen littafin ya shiga sukar Kagame, yana cewa 'yan tsiraru ne ke juya ƙasar, kuma sojojin RPF, 'yan tawayen da Kagame ya jagoranta suka kawo ƙarshen kisan, su ma akwai jini a hannunsu. Daga nan Kigali ta juya masa baya. Kagame ya fara kiransa gwarzon da aka ƙera a waje. A 2008 aka wallafa littafi sukutum na ƙaryata fim ɗin, ɗaya daga cikin marubutansa mai ba shugaban shawara ne.

Da sukar ta tsaya a fadar gwamnati, da sai mu ce siyasa ce mu wuce. Ba ta tsaya nan ba. Wasu daga cikin waɗanda suka kwana a otal ɗin suka fito suka ce ba haka aka yi ba. Edouard Kayihura, lauya da ya fake a can, ya fitar da nasa littafin a 2014, yana cewa manajan ya riƙa karɓar kuɗin ɗaki da na abinci daga mutanen da mutuwa ke jira a bakin ƙofa. Rusesabagina ya musanta, ya ce duk kuɗin da ya shigo abinci aka saya da shi, aka kuma toshe bakin makasa. Akwai kuma waɗanda suka tsira da har yau suke cewa ba don Allah ba don shi ba, da ba su kai labari ba. Kowa ya ga abin daga lungun da ya ɓuya.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai ba wannan ja-in-ja ba ne. Mutanen da fim ɗin ya bari a waje ne.

Akwai wani kyaftin ɗan Senegal, Mbaye Diagne, Musulmi, ɗaya daga cikin masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda masaukinsa ma a otal ɗin yake. Ba ya ɗauke da bindiga. Mota yake shiga shi kaɗai, ya ɗauko mutum uku ko biyar daga maɓoyarsu, ya ratsa shingen 'yan adda da raha da taba da 'yan kuɗi, ya kawo su tudun mun tsira, ya sake komawa. 'Ya'yan firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda aka kashe tun ranar farko, shi ya fitar da su. Ranar 31 ga Mayu ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a wani shinge, ya rasu nan take. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiri lambar jarumta da sunansa. Ku sake kallon fim ɗin, ku nemi Mbaye. Ba ya ciki.

Haka sojojin Gana. Lokacin da Beljiyam ta janye dakarunta bayan an kashe mata soja goma, Kwamitin Sulhu kuma ya zaftare rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa mutum 270, 'yan Gana a ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho suka tsaya, da su da 'yan Tunisiya. Fim ɗin ya dunƙule duk wannan a jikin Bature guda, wani Kanar Oliver da aka ƙirƙiro daga kwamandan rundunar, Janar Roméo Dallaire na Kanada. Dallaire kansa bai ɓoye cewa fim ɗin bai yi masa ba. Sannan akwai wani dalili marar daɗin ji: gwamnatin makasan ta ga amfanin barin mutanen otal ɗin da rai, domin ta yi musayarsu da nata mutanen da ke hannun RPF. An kuwa yi musayar. Amma wannan ba ya sa mai kallo hawaye, shi ya sa bai samu wuri sosai ba.

Ba wai masu fim maƙaryata ba ne. Awa biyu gare su, kuma mai kallo yana son fuska ɗaya da zai bi daga farko zuwa ƙarshe. Sai a haɗe mutum goma su zama ɗaya, a matse wata uku ya zama kamar mako. Galibin fim ɗin ma a Afirka ta Kudu aka ɗauke shi. Matsalar ita ce rubutun nan da ake sawa a farko, cewa labarin gaskiya ne. Da zarar mutum ya karanta shi, ya daina kallon wasa, ya koma karatun tarihi, kuma ba zai je ya bincika ba.

Mu ma mun san wannan. Wane ne a cikinmu, in an ce Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar Libiya, ba fuskar Anthony Quinn ce ke faɗo masa ba, da farin gemu da tabarau? Mustafa Akkad ya yi fim ɗin da kuɗin Gaddafi, ya fito a 1981, yana nuna yadda Italiya ta rataye dattijon a 1931. Italiya ta hana nuna shi, wai ya zubar da mutuncin sojojinta. Sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar, lokacin da Gaddafi ya sauka a Rum da hoton kamun Umar Mukhtar maƙale a ƙirjinsa. Bambancin shi ne, Umar Mukhtar ya yi shekara 50 a kabari kafin a yi fim ɗinsa. Rusesabagina yana raye, abokan gabarsa suna raye, waɗanda aka yi abin a kan idonsu suna raye.

Kuma shi ma bai zauna a inda fim ya ajiye shi ba. Ya shiga siyasar adawa daga ƙetare, ya zama jigo a wata gamayya mai suna MRCD, wadda ke da reshen 'yan bindiga, FLN. A 2018 ya fito a wani bidiyo yana goyon bayan FLN ƙarara. Hare-haren da aka ɗora wa ƙungiyar a kudancin Ruwanda a 2018 da 2019 sun kashe fararen hula tara. Da wannan aka gurfanar da shi. Ya ce sace shi aka yi, ya ƙaurace wa zaman kotun, ya ce bai taɓa ba da umarnin a kashe kowa ba. A Satumban 2021 aka yanke masa shekara 25 bisa laifin ta'addanci.

Nan fim ɗin ya sake yi masa rana. Fursunonin siyasa nawa ne a Afirka da ba wanda ya san sunansu? Shi kuwa Don Cheadle da sauran taurari suka yi ta kiran a sake shi. Majalisar Tarayyar Turai ta yi tir da shari'ar. Sakataren harkokin wajen Amurka, Antony Blinken, ya ɗaga maganarsa a Kigali a Agustan 2022. Iyalan waɗanda FLN ta kashe kuwa suna gefe suna tambaya: mu namu mamatan fa, don ba a yi musu fim ba?

Ƙatar ta shiga tsakani. Rusesabagina ya rubuta wa Kagame takardar neman afuwa, ya yi nadamar duk wata alaƙa tsakanin siyasarsa da tashin hankalin FLN. Ranar 24 ga Maris 2023 aka sassauta hukuncin, aka buɗe masa ƙofa da daddare. Gwamnati ta jaddada cewa sassauci ne, laifin yana nan a rubuce. Ya bi ta Doha ya koma gidansa a San Antonio, jihar Texas, kuma ba a jima ba ya ci gaba da sukar Kagame, yana cewa tilas ce ta sa ya sa hannu.

Otal ɗin Mille Collines yana nan a Kigali yana karɓar baƙi. Masu yawon buɗe ido suna zuwa su tsaya bakin wurin ninƙayar su ɗauki hoto, alhali ginin da aka gani a fim yana can Afirka ta Kudu.