Kina Karatu Amma Ba Ya Zama? Rufe Littafin

[Hoto: ƙarfe goma na dare, tsakar gida a Yamai, tabarma da fitila mai caji]

Ga ta nan. Shekararta ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Tun bayan isha'i take kan tabarmar nan, littafi a buɗe, jan bik a hannu, agogon waya yana ƙirga mata minti 25. In ya buga ta huta minti 5, ta koma. Duk abin da take gani a bidiyoyin TikTok ta yi shi. Amma gobe da safe, in majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tsayar da ita gaban gadon mara lafiya ya ce, ledar ruwan nan ɗigo nawa za ta yi a minti, sai kai ya ɗau zafi, ta rasa ta cewa.

Saƙonnin da kuka turo mini kwanakin nan kusan duk bakinsu ɗaya. Yaya, ina sa agogo, ina kashe data, amma hankalina ba ya tsayawa. Masu karatu a ENSP Damouré Zika, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati a Yamai, sun rubuto, na makarantu masu zaman kansu sun rubuto, har daga Tawa. To ƙannena, agogon ba shi da laifi. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1980, kuma tana da amfaninta. Sai dai agogo lokaci kawai yake yanka miki. Abin da za ki yi a cikin minti 25 ɗin, shi ne ba a nuna muku a bidiyon.

Bari mu share ƙananan abubuwan da sauri.

[Hoto: ana miƙa wa inna waya, tana sa ta cikin kwalla]

Waya, ba kifewa za ki yi ba, fitar da ita daga ɗakin. Ba wa inna ajiya, ita ba ta karɓar roƙo. Lokaci kuwa, a watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, kada ki yi kokawa da ƙarfe biyu na rana, bayan asuba ya fi miki. Shayin fada da dare, ku samari, rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jininku bayan awa 5. Barcin nan kuma shi ke daddale abin da aka karanta. Wadda ta kwana gardi ta fara kwantawa tukuna. Shi ke nan, mun wuce.

[Hoto: kusa da fuskarta, ido yana bin layi]

Yanzu ku dubi idonta da kyau. Yana bin layi, sama zuwa ƙasa, karo na huɗu ke nan a shafi ɗaya. Ido na kan takarda, zuciya ta tafi kasuwar Katako. Me ya sa? Don maimaita karatu ba ya ba ƙwaƙwalwa aiki. Ta ga shafin nan jiya, ta gan shi ɗazu, sai ta ce ai na san wannan, ta saki linzami. Kamar matar da kike haɗuwa da ita a kowane biki ce. Fuskarta kin sani sarai, amma a ce faɗi sunanta, sai ki tsaya kina e, to, wance. Jarrabawa suna take tambaya. Majo ma suna yake tambaya.

Matakin da ake tsallakewa shi ne wannan.

[Hoto: hannu yana rufe littafi, farar takarda a gefe]

Rufe littafin. Ɗauki farar takarda. Rubuta abin da kika karanta daga kanki, ko ki faɗe shi da baki.

Mu da muka yi makarantar allo ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaro ba ya wanke allonsa don ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya juya allon, ya kawo hadda gaban malam, in ya yi tuntuɓe a gyara masa, ya sake. Bayan an wanke kuma ga tilawa, ana komawa baya kada na da ya zube. Abin yana ba ni mamaki, kuma yana yi mini ciwo, yadda muke shiga lakol mu ajiye wannan a bakin ƙofa, mu kama ja wa layi jan bik.

Masana sun gwada shi. A shekarar 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai ɗan rubutu. Wasu suka karanta shi a zama huɗu. Wasu suka karanta a zama ɗaya, sauran ukun aka ɗauke takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda, masu maimaitawa sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu rufe takarda kashi 61. Kuma masu maimaitawar su suka fi amincewa cewa za su tuna. Tarkon ke nan. Hanyar da ta fi daɗi a daren ita ce take zubewa kafin ranar jarrabawa.

Mu gani a aikace.

[Hoto: ledar ruwa a rataye, ɗigo yana sauka]

Mililita 500, likita ya ce ta ƙare cikin awa 4. Littafi a rufe. A igiyar ƙarin ruwa da aka saba da ita, ɗigo 20 ne mililita ɗaya. 500 sau 20, 10,000. Awa 4 minti 240 ne. A raba. Ku dube ta, ta tsaya, ta cije leɓe, tana lissafi da yatsa a kan tabarma. Wannan ɗan nauyin da take ji, shi ne karatun. Kun lura tun da ta rufe littafin ba ta waiwayi inda waya take ba? Wanda ake bi bashin amsa ba shi da sararin yawo.

Ta samu: kusan ɗigo 42 a minti.

Ga wata tambayar a kan kati, ɗaya daga cikin katunan da take rubuta tambayoyi don gwada kanta. Yaro ɗan shekara 2 yana tari, numfashi nawa a minti ake kira saurin numfashi? Ta rubuta 50. Ta buɗe littafi. A'a. 50 na jariri ne daga wata 2 zuwa wata 11. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ne. Nan ne jan bik yake da aiki: a kan abin da kika kuskure kawai. Kuskuren nan a kan tabarma kyauta ne. A CSI kuwa, wato ƙaramar likita ta unguwa ko ƙauye, yaro ne mai numfashi 45 za ki sallama gida alhali ciwon huhu ya kama shi. Shi ya sa nake ɗaga murya a kan maganar nan.

Wata za ta ce, Yaya, in na rufe ba abin da ke zuwa, sai in ji kamar ba ni da kai. Kanki lafiya lau. Farar takardar gaskiya ta gaya miki tun da sauran lokaci. Rubuta layi biyun da suka zo, buɗe, duba, sake rufewa.

Akwai kuma wani abu namu na nan. Darasi da Faransanci ake ba mu, mara lafiya kuwa da Hausa ko Zabarmanci zai yi miki magana. To kira ƙanenki ki zaunar da shi, ki bayyana masa da Hausa dalilin da ya sa in awon damtsen yaro ya gaza milimita 115, ya faɗa jan ɓangaren ma'aunin, tamowa ce mai tsanani. Inda harshenki ya sarƙe, nan ne ba ki gane ba tukuna. Masu karatun rukuni, kowa ya zo da tambaya 5 a rubuce, in ba haka ba hira ce za ta cinye daren.

Sai tilawa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farkon lokaci bayan an koyi abu. Don haka ni shawarata, katin da kika yi yau ki tambayi kanki shi gobe, sannan bayan kwana 3, sannan bayan mako.

[Hoto: tana raba katuna gida biyu a cikin gwangwanin madara]

Na ɗigon ruwa ya shiga gwangwanin Alhamis. Na numfashin yaro, da jan zagaye a kan 40, ta sa shi a aljihun farar rigarta. Gobe tana istaji, wato koyon aiki, a ɓangaren yara, za ta tambayi kanta shi a hanya kafin ta isa.