Taya ba ta cin gefe ɗaya a banza

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugabannin tasha, iyayenmu da yayyenmu direbobi, barkanmu da war haka.

Na sa an jero muku tsofaffin tayoyi uku a nan gaba, domin gani ya kori ji. Dukkansu sun ƙare, amma ba ƙarewa iri ɗaya ba. Taya idan ta ci wani wuri ta bar wani, tana nuna maka akwai abin da ba daidai ba a motar. Ka cire ta ka ɗaura sabuwa ba ka nemi dalilin ba, to sabuwar ma hanyar za ta bi, kuɗinka kuma sun tafi.

Ku dubi ta farko. Tsakiyarta ta suɗe, gefunan kuwa zanensu na nan. Iska ce ta yi mata yawa, ta kumbura, tsakiyar kaɗai ke taka kwalta. Ta biyu kuma gefe da gefe ne suka cinye, tsakiya ta tsira. Wannan ƙarancin iska ne, ko lodi da ya fi ƙarfinta, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro. Taya mai ƙarancin iska bangonta lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, ya ɗau zafi, wayar ciki ta rabu da roba. Daga nan sai fashewa, kuma kun san abin da fashewar tayar gaba ke jawowa a mota mai cike da mutane.

Bari in daɗe a kan iskar nan, don a nan aka fi yin kuskure. Sau nawa kuka tsaya wurin mai faci, ya doki taya da ƙarfe, ya ce ta yi? Kunne ba ya auna iska, geji ke aunawa. Wasu kuma lambar da ke jikin taya suke karantawa su cika har can. Waccan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Abin da motarka ke so yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba, a wasu motocin kuma a bayan murfin tankin mai. Ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35 a ma'aunin PSI na geji, kuma za ka ga an ware adadin da za a sa idan an yi cikakken lodi. A auna da safe, kafin mota ta yi tafiya. Wanda ya taso daga Kano zuwa Maiduguri a zafin Afrilu, in ya auna a Potiskum zai ga iska ta hau. Don Allah kada ya rage. Zafi ne ya ɗaga ta, in ya sace ta, gobe da safe tayarsa a kwance take.

Ga ta uku. Gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo, na waje kamar sabo. Wannan alaimen ne, wato saitin ƙafafun mota, ya goce, kuma rami ɗaya da ka faɗa da gudu ya isa. Ka shafa tafin hannunka a kan tayar: in ka ji santsi ta nan, ka ji kaifi kamar haƙoran zarto in ka dawo, ƙafafun ba sa kallon hanya ɗaya. Haka in mota na ja gefe, ko sitiyari ya karkace kana kan miƙaƙƙiyar hanya. Amma kafin a yi alaimen, bakanike ya fara duba tayarod da boljoyin da bushin, wato ƙarafa da robobin da ke riƙe ƙafar mota. In suna da wasa, saitin ba zai zauna ba.

In kuwa cin ya fito tudu da kwari a kewayen tayar, a duba shoka da balansin.

Motoci irin Golf da Sharon da tayoyin gaba suke ja, don haka su ke riga ƙarewa. A riƙa musanya su da na baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Tayar da ke da kibiya a jikinta dai kada a tsallakar da ita ɗaya ɓangaren.

Na san tsadar sabuwa ce ke kai mu ga 'yar gwanjo, ban raina wannan ba. Sai dai ta zo da cin wata motar a jikinta, ga shekaru. Ku nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Cikin ramukan zanen kuma akwai ɗan tudu, tsayinsa milimita 1.6. Da zarar zane ya zo daidai da shi, ko a gefe ɗaya ne, a sauke ta.

Yanzu ga geji a hannuna. Wanda motarsa ke kan layi kuma ba ta yi tafiya ba tukuna, ya tashi mu fara da tasa.