Takardar da na tsinta a jakar wani bawan Allah yau

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, yanzu na tashi daga aiki ina jiran bas. Fam 3 ake shiga yanzu, kwanan baya 2 ne. Yau kam raina a ɓace yake.

Kun san aikin kula da masu buƙata ta musamman nake yi a nan Ingila. Akwai wani bawan Allah mai larurar Down (wadda ake haihuwar mutum da ita, tana jinkirta koyo), shekararsa arba'in da 'yan kai. Shi ke haɗa wa kowa shayi a gidan, kuma ba ya yarda a taɓa masa jan kofinsa. Jiya aka sallamo shi daga asibiti. Ina zazzage jakarsa sai ga takardar DNACPR, wato idan zuciyarsa ta tsaya kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Dalilin da aka rubuta kuwa larurar da aka haife shi da ita ce. Shi ba a tambaye shi ba, yayarsa ma ba a kira ta ba.

Wallahi sai lokacin korona ya faɗo mini a rai. A watan Maris na 2020, da aka ga gadaje da na'urorin numfashi ba za su isa ba, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a riƙa auna raunin majinyaci da maki daga 1 zuwa 9 wajen tantance wanda za a ba gadon jinya mai tsanani. To wanda kullum sai an taimaka masa da wanka da cefane, ai makinsa sama zai yi, a ɗauke shi mai rauni, ko da lafiyarsa ƙalau. Sai da aka yi musu ca, cikin 'yan kwanaki suka gyara. Amma alƙaluman hukuma sun nuna cikin mutum goma da korona ta kashe a Ingila, wajen shida masu nakasa ne.

Na yarda, idan na'ura ɗaya ce majinyata biyu, dole likita ya zaɓa. To ya duba wanda jinyar za ta tayar. Wa ya ba shi ikon auna ran wa ya fi tsada?

A gida Kano matsalarmu kuɗi ce, na tuna yadda muka yi karo-karo don iskar oksijin ɗin kawuna. Amma ga mu nan mun cika baranda da kwanon tuwo da filas, ba mai rubuta komai a kansa ba da saninmu ba.

Ke 'yar uwa mai ɗa mai larura a ƙasar nan, duk takardar da aka sallamo shi da ita ki karanta, wadda ba ki gane ba ki tambaya. Ni dai na kira yayarsa, Litinin za mu je wurin likitansa tare. Ga bas ɗina nan.