Amsoshin Tambayoyinku: Dole Ne Sai Babbar Allura Ga Ciwon Fitsari Mai Taurin Kai?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce sau biyu tana shan ciprofloxacin saboda zafin fitsari, shiru. Da aka yi gwaji sai aka ce ƙwayar cutar ta bijire wa magunguna da yawa, amma likita ya rubuta mata nitrofurantoin na kwana 5 kacal. "Anya bai raina ciwon nan ba? Me ya hana shi yi mini babbar allura?"

Malama, kwantar da hankalinki. Galibin ciwon mafitsara ƙwayar E. coli ce ke haddasa shi, wadda asalin mazauninta hanji ne. Wasu ire-irenta na fitar da sinadarin da ake kira ESBL, mai lalata magunguna irin su ceftriaxone tun kafin su yi aiki. Shi kuwa nitrofurantoin, tsoho ne, tun shekarun 1950 ake shan sa, amma a cikin fitsari yake taruwa, wato daidai inda cutar ta yi sansani, kuma har yau yawancin E. coli ba su iya masa ba. Gwajin da kika jira sakamakonsa kwana biyu ko uku shi ya nuna wa likita hakan.

Babbar allura irin meropenem ba ta tantancewa. Takan kashe har ƙwayoyi masu amfani na hanji, ta buɗe ƙofa ga muguwar gudawa, ƙwayoyin cuta masu taurin kai da suka tsira kuma su hayayyafa. Shi ya sa a rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa magungunan kashe ƙwayoyin cuta a 2017, meropenem da ciprofloxacin suka faɗa rukunin da ake sa wa ido.

Sai dai fa ki kula: in zazzaɓi ya zo, ko amai, ko ciwon kwiɓi, wataƙila abin ya hau ƙoda. Nitrofurantoin ba ya isa can yadda ya kamata, ki koma asibiti a ranar.

Wani kuma ya ce an ga ƙwayar cuta a fitsarin mahaifiyarsa, tsohuwa ce, ba ta jin komai, yana tambaya ko sai an ba ta magani. Malam, a gaida Mama. In babu wata alamar ciwo, yawanci ba a ba da magani, sai ga mai juna biyu ko wanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari.