Ɗan Agusta da ɗan Satumba a aji ɗaya

Ku dubi yaran nan biyu. Aji ɗaya suke a Amurka, kujera kusa da kujera. A jihohi da dama na ƙasar, sai yaro ya cika shekara 5 kafin 1 ga Satumba ake ɗaukarsa ajin share fage. To, wannan na hagu ɗan Agusta ne, bai fi mako biyu da cika biyar ba. Na dama kuwa ɗan Satumba ne, shida yake shirin cikawa. Kusan shekara guda ke tsakaninsu, kuma duk uwar da ta yi raino ta san abin da shekara guda ke nufi ga ɗan shekara biyar.

Malama ta ce kowa ya zauna ya yi rubutu. Babban ya zauna. Ƙaramin ya tauna fensir, ya leƙa taga, ya sulale ƙarƙashin tebur. Kafin zango ya ƙare an kira iyaye: yaronku ba ya natsuwa, a kai shi wajen likita.

A 2018 masu bincike na Jami'ar Harvard suka duba bayanan yara sama da 400,000 da aka haifa daga 2007 zuwa 2009. A jihohin da ke bin ƙa'idar 1 ga Satumba, cikin kowane yara 10,000 'yan Agusta, kimanin 85 aka ce suna da ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali. 'Yan Satumba kuwa, 64. A jihohin da ba sa bin wannan rana, ba a ga bambancin ba. Ashe ba watan haihuwa ke kawo ciwo ba, da wa aka gwada yaron ne.

Kada a yi mini mummunar fahimta. ADHD gaskiya ce, akwai yaran da magani irin su Ritalin ya gyara musu rayuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ɗora wa yaro karatun da ya fi ƙarfin shekarunsa, in ya kasa a ce ƙwaƙwalwarsa ce ke da matsala. Mu ma nan ba mu tsira ba. Tsarin ilimin Najeriya ya ce a fara firamare a shekara 6, amma ga ɗan shekara 3 da jakar goyo da aikin gida, barci ya kwashe shi a kan littafi, gobe a ce masa daƙiƙi ko mai ƙiriniya.

A Kanada ma, a lardin Biritish Kolombiya, binciken 2012 ya nuna 'yan Disamba, ƙananan aji a can, sun fi 'yan Janairu samun sunan masu ADHD. A Danmak kuwa, inda aka saba iyaye su jinkirta wa yaro shiga makaranta da shekara guda in bai kai ba, da kyar ake ganin wannan bambanci.